Kwalabe Uku da Tukunyar Goggo

Ina aji uku na sakandare, zamanin da Yola take ƙarƙashin Jihar Arewa maso Gabas, azumi ya faɗo mana a ƙarshen damina. Ruwa ya ɗauke, zafi ya dawo. Baba kuwa kullum a keke yake zuwa aiki, daga gidanmu na unguwar Makama har Jimeta, ya dawo da la'asar rigarsa sharkaf da gumi.

Wata rana ina karatu a bayan rumbu na ji yana gaya wa Goggo, yayarsa, cewa fitsarinsa ya yi ja kamar shayi, kuma kaɗan yake fita. Nan take ta ce ciwon shawara ne. Ta aika a sayo filasko, ganyen da ke sa gudawa, ta ce jibi zai sha bayan buɗa baki.

Ni kuwa na san akwai haɗari. A zangon nan muka karanta aikin ƙoda, har malaminmu ya tsaga ta rago muka zana. Ƙoda tace jini take yi. In ruwa ya yi ƙaranci a jiki, ƙwaƙwalwa takan aika mata saƙo ta cikin jini, sai ta mayar da yawancin ruwan, ta saki dattin da ɗan kaɗan, shi ya sa fitsari yake yin duhu. Mutumin da ya bushe haka, in aka ƙara masa gudawa, sai abin da Allah ya yi.

To amma a gidanmu ɗan fari ba ya ko haɗa ido da mahaifinsa, balle ya yi masa zancen fitsari, ni kuwa ni ne ɗan farin.

Sai na gwada a kaina. Na wanke kwalabe uku, na manna wa kowace takarda da lokaci: ta la'asar, ta bayan na sha moɗa huɗu da magariba, ta asuba. Washegari na kira Goggo bayan gida na jera mata su. Ta farko ja, ta biyu kusan kamar ruwan randa, ta uku tsaka-tsaki.

Ta toshe hanci, ta ja baya.

"Boko ne ya koya maka tara najasa a watan azumi?"

Na yi mata bayani, na ce duka ukun nawa ne, kuma ƙalau nake. Na roƙe ta ta duba idon Baba, don mai shawara idonsa kan yi ɗorawa. In fari ne, ya sha ruwa sosai daga magariba zuwa sahur, kwana biyu. In fitsarin bai washe ba, asibiti za a je.

Ta ce in kwashe ƙazantata tukuna. Amma da yamma na ga ta tsayar da Baba a zaure tana buɗa masa ido da yatsa, shi kuma yana cewa mene ne haka. Daga nan duk inda ya zauna bayan magariba sai ta dire masa kwanon ruwa, ta tsaya a kansa.

Rana ta uku da safe ta ɗauko tukunyar filaskon ta juye a gindin darbejiya. Ta hango ni, ta ce:

"Likita, ya washe. Sai ka daina bina da ido."

Baba bai taɓa ce mini komai a kai ba. Ya kai azuminsa talatin a kan kekensa, bai sha ko ɗaya ba.