Ruwan da Inna ta ba su

Rijiya ɗaya gare mu a ƙauyenmu na gefen Dogarawa, ita ma ɗaci gare ta. Da damina ta sauka sai kowa ya koma tabki. A lokacin ba mu san daga nan kurkunu yake fitowa ba. Abin da na sani shi ne duk shekara sai ya kwantar da maigidana daidai lokacin noma, ciyawa ta cinye gero muna kallo.

Wata damina mota ta zo daga Konni da ƴan buro biyu, ma'aikatan gwamnati. Suka zauna ƙofar maigari suna ta tambaya: ina muke ɗibar ruwa, wa ke da masai, wa ke kwance. Ni dai ban yarda da su ba. Mutumin da bai taɓa tambayarka yadda ka kwana ba, in ya zo yana tambayar inda kake zagayawa, ruwa ba ya tsami banza. Raɗe-raɗi ya bi gari cewa tashinmu za a yi. Maigari ya ce musu kowa lafiya lau, alhali ƙafar maigidana ta kumbura kamar turmi.

Daga nan suka fito da kwalabe, wai a cika musu da ruwan da muke sha. Takalmansu ba na shiga laka ba ne, saboda haka aka miƙa wa surukata, da yake ita ce babba a cikin mata. Na bi ta, amma sai na ga ta saki hanyar tabki ta nufi gida.

"Inna, ba nan ba ne."

"Ke ɗiyata, yi kurum. Wanda ya ɗebi ƙasar sawunka mi shika nema? Balle ruwan da gari duka ka sha. In sunka tahi da shi, tabkinmu ya ƙahe ke nan."

Tana da wani tulu na ruwan sama da ta tara daga kwanon rufin masallaci, garau da shi. Da shi ta cika kwalaben. Ta ce ko ba don haka ba, baƙo ko maƙiyi ne ba a ba shi ruwan laka. Gaskiya a ranar na ji daɗi, na ga mun fi su wayo.

Bayan kaka motar haƙa rijiyar pompo ta biyo ta gabanmu, ta zarce ƙauyen gaba. Ɗaya daga cikin mutanen ya tsaya gaida maigari, har da fara'arsa. Ya ce an auna, an aika birnin Tawa, ruwanmu ya fi na kowa tsabta a yankin, mu ba mu da gaggawar pompo. Maigari ya yi godiya. Me zai ce?

Ba a daɗe ba kurkunu ya bar ƙauyen gaba, mu kuwa yana nan. Wata shekara ya fito wa maigidana a ƙafa biyu, ko gindin gero ɗaya bai nome ba. Na yi kuka, na ji haushin ƴan buro, na ji haushin tulun nan.

 Inna kuwa kullum da safe takan ɗauki tulu, da tsufanta, ta tafi pompon ƙauyen gaba, kuma ba ta yarda in karɓe ta. Amma har ta rasu ba ta amince da ruwan da baƙi suka haƙo ba. In ta dawo sai ta fara kurɓa, ta zauna ta jira ta ga ko zai kashe ta, sannan ta miƙa wa ɗanta.