Gaɓar da Ta Ci Haƙoran Yahuza

Yahuza mutumin Dogarawa ne, ɗinkin buhun albasa yake yi a tasha. Gefen bakinsa na hagu wayam yake, ba haƙori ko ɗaya. A Italiya ya baro su.

Ya daɗe yana tsinkar tumatir a wata gona can kudancin ƙasar. Ran nan aka sace injin ban-ruwa, shi kuwa ya ga ɓarawon da idonsa, direban gonar ne. Da mai gona ya tara ma'aikata yana zage-zage, Yahuza ya matso zai ce "rubò", wato "ya sata", a danna gaɓar ƙarshe. Harshe ya kuɓuce masa, ya danna ta farko: "rùbo", wato "ina sata". Kafin ya ɗaga yatsa ya nuna, direban ya sauke masa bututun ƙarfe a muƙamuƙi. 'Ya'yan mai gona suka taru suka tattake shi, jini da ruwan tumatir suka gauraye.

Da ya dawo gida, samari masu shirin tafiya suka riƙa zuwa koyon Italiyanci wurinsa. Sai ya zaunar da su bisa buhuna, yana yayyanka musu kalma: "par-la-no, man-gia-no", yana doka sanda ƙasa a gaɓar farko. Wanda ya karkace, sandar a kansa take sauka.

Alkasum, ɗan Mas'udu wan Yahuza, ya yi ta danna gaɓar tsakiya. Idon Yahuza ya rufe. Ya shaƙe shi, ya yi ta kwaɗa masa mari har jini ya tsinke daga kunne.

Mas'udu ya iso tasha da gora a hannu.

"Kai, Yahuza! Kashe min ɗa za ka yi bisa yaren wasu?"

"Yaya, in bai iya ba, can za su kashe shi!"

"To ni in fara da kai!"

Gorar ta sauka a tsintsiyar hannun Yahuza na dama, mutane suka ji ƙarar ƙashi. Da ƙyar 'yan dako suka janye Mas'udu.

Kunnen Alkasum bai sake ji ba, tafiyar ma ya fasa ta. Samari suka ɗauke ƙafa. Yahuza ya koyi riƙe basilla da hagu. Har yau shi da wansa ba sa gaisawa, ko a wurin jana'iza.