Ruwan Zabibin Iya

A unguwar Jarwal ta Makka muke zaune lokacin, cikin ɗakunan nan na gwangwani da buhu da mutanenmu suka kakkafa, ni da mijina Malam da mahaifiyarsa Iya. Yaƙin Turawa bai daɗe da ƙarewa ba. Da ƙafa Iya ta taso daga ƙasar Kano, ta yi shekaru tana tsinkar auduga a Sudan kafin ta ga teku, kuma burinta ɗaya ne, ta mutu a Makka da tsarkinta. Matar da ko goro ba ta ci sai ta ji inda aka samo shi.

Wajen wata maƙwabciyarmu Balarabiya ta ga ana yin ruwan zabibi. A wanke zabibin, a daka shi sama-sama, a jiƙa, a tace da ƙyalle. Matar ta ja mata kunne cewa a ranar ake shanyewa, ba ya kwana a zafin garin nan. Iya ta dawo tana dariya.

"Da ruwan 'yan ga-ruwa take yi, shi ya sa. Ni da Zamzam zan jiƙa nawa. 'Yar nan, kin taɓa jin Zamzam ya lalace?"

Ban taɓa ji ba, kuma babu wanda ya taɓa ji a layinmu.

Ta cika tulu, ta ɗaure bakinsa, ta tura ƙarƙashin gado, wai sai Juma'a. Ranar da ta kwance, sai da ya yi tsuwa, kumfa ta taso har wuya.

"Kin ga albarka? Tafasa yake ba wuta!"

Ina da ƙaramin ciki, warin kaɗai ya kore ni waje. Ita kuwa ta sha moɗa biyu, ta ce akwai ɗan tsami, ta ƙara.

Ina tsintar shinkafa na ji waƙa. Waƙar niƙa, irin ta 'yan mata. Na leƙa, sai ga Iya ba ɗankwali, tana juyi a tsakar ɗaki tana tafi. Na saki faranti. Daidai nan Malam ya yi sallama. Shi ne ɗanta na fari, tun da ta haife shi ba ta taɓa kama sunansa ba, sai dai "kai wannan". Ranar nan ta dube shi ta kira sunansa gatsau, har sau biyu, ta ce ya zo su taka rawa.

Malam ya daskare da takalmi a hannu. Ya durƙusa ya shinshina tulun, ya ɗago.

"Ya Sattar. Giya ce."

"A gidan nan? Da Zamzam?"

"Rufe bakinki, rufe ƙofa."

Da ƙyar muka kwantar da ita. Barci ya ɗauke ta, la'asar ta wuce, magariba ta wuce. Malam ya ce kada ta sani, in ta sani zuciyarta ba za ta ɗauka ba. Mu ce rana ce ta buge ta.

Da safe ta tashi riƙe da kai. Malam ya faɗa mata abin da muka shirya, idonsa a ƙasa.

"Rana? To miƙo min ruwan zabibina. Zamzam ai magani ne."

Babu wanda ya motsa. Ta miƙa hannu da kanta, sai Malam ya rungume tulun.

"Iya, ki gafarce ni. Ya juya. Ba ya shayuwa."

"Ya juya ya zama me?"

Ya faɗa. Ban taɓa ganin fuskar mutum ta zube haka ba. Ta dubi tafin hannunta, ta goge baki, ta sake gogewa.

"Na yi la'asar?"

"Ba ki yi ba, Iya," na ce.

"Me nake yi?"

"Waƙa."

Zancen sunan kam ban iya faɗa ba.

Malam ya ce ba da sani ta sha ba, Allah ba ya kama wanda bai sani ba, bari ya zubar a bayan gida, shi ke nan.

"A ƙasar Harami? Ko Zamzam ɗin za ka zuba a kwata?"

Ta naɗa gammo, ta ɗora tulun a ka, ta hana kowa taɓawa. Malam ya bi ta a baya yana zufa, don in 'yan hisba masu bulala suka ji warin nan, ba za su tsaya jin labarin Zamzam ba. Har Tan'im ta kai, inda alamar iyakar Harami take. Ya ce min da ta tsallake, da hannu ta tona rami ta juye, ta fasa tulun a ciki ta binne.

Ta dawo ƙafafu a kumbure, ta yi alwala, ta shiga ramuwar salloli. Da ta sallame, ba tare da ta dube ni ba, ta ce, "'Yar nan, waƙar, da ƙarfi na yi ta?"

Na ce a hankali ne. Duk layin sun ji.