Beben Da Na Ɗauko Daga Yendi

Ku da kuke ganina yanzu a kan benci a tashar Salaga ina ba ku shawara kamar wani mai hankali, akwai ranar da ba zan manta da ita ba har in koma ga Allah. Ranar ce na ɗauki mutum lafiyayye, magidanci, wanda ya fi ni jin harsuna, na mayar da shi bebe, kuma ina tafe ina yaba wa kaina dabara. Boko dai ban yi nisa ba malamin ya ce gara in je in taimaki babana, don haka in kun ga rubutun nan ya karkace ku yi haƙuri, haka motar ma ta yi a ranar.

A lokacin ina jan babbar lori ta shanu, Bawku zuwa Salaga ta Yendi. Mai motar wani Alhaji ne na nan garin, jikan fataken goro. Yana da garke a wajen Pusiga, sai ya ga kiwo ya yi ƙunci a can, ya ce a kwaso masa su. Ba shanun yanka ba ne, na kiwo ne, har da masu ciki. Mu uku muka taso: ni, da metina, wato yaron motata, Akugri, ɗan ƙabilar Kusasi, wanda furfura ta fara fito masa amma ya ƙi koyon tuƙi, wai ba ya son hawan jini, sai Hammadu, Bafulatanin da ya raini shanun tun suna 'yan maruƙa.

Ga wanda bai san aikin ba, lodin shanu ba lodin doya ba ne. Sai an zuba yashi da ciyawa a ƙasan bodi don kada su zame. A jera su kai da gindi, a ɗaure ƙaho a jikin katako, likitan dabbobi ya duba ya ba da izinin tafiya. Sannan mutum ya hau sama ya zauna a kan katako yana lura, domin saniyar da ta kwanta a cikin mota, in ba a tashe ta nan take ba, 'yan uwanta za su tattake ta. Wannan zaman sama shi ne aikin Hammadu.

Damina ta yi nisa, amma muka iso Yendi lafiya da hantsi. Na shiga gaida ciyaman na tasha, kamar yadda kowane direba yake yi kafin ya wuce, sai ya ja ni gefe.

Ya ce, "Sani, wane ne wancan a saman motarka?"

Na ce, "Makiyayin Alhaji ne, ranka ya daɗe."

Ya ce, "To ka buɗe ido. Akwai wani ƙauyen Konkomba a gabanku, kwanan baya shanun wasu suka shiga gonar doya da ke bakin hanya suka yi ɓarna. An sasanta, amma zuciya ba ta huce ba. Kada ka tsaya a wurin ko ruwa za ka sha."

Abin da ya faɗa ke nan, bai ƙara ba. Sauran ni na ƙara da kaina. Na je wurin wani abokina Badagombe mai sayar da taya na aro batakari, irin rigar saƙin nan mai faɗi, da hula. Na kira Hammadu ya sauko. Na karɓe malafarsa da sandarsa na cusa a bayan kujera, na zura masa batakari. Mutum siriri kamar shi, rigar ta tsaya a jikinsa kamar an rataye ta a ƙusa.

Na ce, "Daga nan har Salaga kai bebe ne. Hausarka ma ƙamshin nono take yi, kana buɗe baki an gane ka."

Ya ce, "Malam Sani, in an gaishe ni fa?"

"Ka ɗaga hannu."

"Dattijo ya gaishe ni in ɗaga masa hannu?"

"Ka ɗaga biyu."

Akugri ya faɗi ƙasa don dariya. Ya ce, "Masta, wannan Badagomben naka yunwa ta gama da shi." Hammadu bai yi dariya ba. Ya dube ni, ya dubi rigar, ya hau sama.

To ku ji ikon Allah. Duk tsawon hanyar nan, babu inda mota ta zaɓa sai bakin ƙauyen da aka ce kada in tsaya. Akwai wani kwalbati da ruwa ya cinye gefensa, daga sama lafiya lau. Tayar gaba ta wuce, ta baya ta dama ta ce ita nan za ta kwana. Sai ji na yi motar ta tafi gefe a hankali kamar tsoho zai zauna. Shanu suka zube gefe ɗaya, katako yana ƙara, ƙaho yana karo da ƙaho. Na leƙa ta taga, ga gonar doya kore shar tun daga bakin titi har inda ido ya tsaya.

Akugri ya duba ƙasa ya ce, "Masta, in ba a sauke shanun nan ba motar za ta kwanta da su." Gaskiyarsa. Amma saukewa sai da tudu, domin bodin ya fi ƙirjin mutum tsawo, saniya mai ciki in ta diro ta karye.

Kafin in gama salati mutanen gari sun fito, maza da manyan fartanyoyinsu na tara kunyar doya, mata da yara a baya. Na ga fartanya, na tuna maganar ciyaman. Wani dattijo mai tawul a wuya, wanda na gane daga baya shi ne mai garin, ya zagaya motar ya dawo.

Ya ce, "Direba, sannu. Mota ya gaji?"

Na ce, "Ta gaji, Baba."

Ya nuna sama. "Wancan fa?"

"Ɗan uwan metina ne, Baba. Bebe ne, tun haihuwa."

Ya ɗaga kai ya yi wa Hammadu sannu. Hammadu ya ɗaga hannu biyu. Dattijon ya ɗan jima yana kallonsa, sannan ya juya ya yi wa mutanensa magana da harshensu.

Jama'a, ban taɓa ganin aiki irin wannan ba! Mutanen da suke tara kunya tun asuba, tudun sauke shanu wasa ne a wurinsu. Ƙasa tana tashi, fartanya tana sauka tare kamar hannu ɗaya, mata suna kawo duwatsu a kwano. Wanda ya fi kowa zuba ƙarfi wani ƙato ne mai suna Wumbei. Wata mata ta raɗa wa Akugri cewa gonar bakin hanyar tasa ce, kuma ita ce aka yi wa ɓarna kwanan baya. Abin da ya rage a cikinta shi ne abincin gidansa na shekara.

Tudu ya kai bakin bodi. Hammadu ya kwance igiyoyi daga sama, Akugri ya zare sakata. Ni a tunanina za su sauko ɗaya bayan ɗaya kamar masu fitowa daga masallaci. Ina! Dabbar da ta sha matsi, ta ga ƙofa, ta ga kore? Suka ɓarke gaba ɗaya, jela a sama, suka miƙe gonar Wumbei.

Wuri ya rikice. Mata suna ihu, samari suna bin su da sanduna, shanun kuwa ƙara watsewa suke yi. Ni ma na bi wata ina cewa "Ke! Ke!" kamar matar gidana ce. Wumbei ya tsaya cak, ya juya fartanyarsa ya riƙe ta ta wani irin riƙo da ba na noma ba. Na san in shanun nan suka kai tsakiyar gona, ba doya kaɗai za a rasa ba.

Hammadu ya diro ya sha gabansu da gudu yana ɗaga hannuwa, batakari tana kaɗawa. Shanun suka ga wani baƙon abu mai fukafukai, suka ƙara firgita. Nasa ne, amma ba su gane shi ba. Ya waiwayo ya dube ni, bakinsa a rufe. Wallahi har lokacin yana riƙe da maganata.

Sai na ji muryata a gaban gari guda tana cewa, "Bebe! Don girman Allah yi magana!"

Ya tuɓe batakari ya jefar, hula ta bi. Akugri, Allah ya saka masa, ya riga ya zaro sandar daga bayan kujera ya wurga masa. Hammadu ya cafe, ya gicciya ta a kafaɗa, ya ɗaga kai ya yi kira. Ba zan iya rubuta muku kiran nan ba, ba shi da haruffa. Dogo ne, yana hawa yana sauka, a ƙarshe ya ambaci sunan wata tsohuwar saniya da ke jan garken. Tana tsakiyar gudu ta ja birki, birkin da motata ba ta taɓa yin irinsa ba. Ta juyo, ta amsa. Ya sake kira, ya juya baya ya kama tafiya bakin titi ko waiwaye bai yi ba. Ta bi shi. Sauran suka bi ta, a jere, ta cikin kwarin kunyoyi, kamar an ja musu layi. Na manta ni ne mai laifi, ina ta tsalle ina kabbara.

Da na dawo hayyacina sai na waiga. Kowa ni yake kallo.

Dattijon ya gyara tawul ya ce, "Direba, asibitin Yendi ya ɗauke ka aiki. Bebe tun haihuwa, ka warkar da shi da magana ɗaya."

Wata tsohuwa ce ta fara fashewa, sai gari ya ɗauka. Dattijon ya ce, "Tun da muka zo mun san shi. Mota yana faɗuwa, kowa yana kallon taya, shi yana kallon cikin saniya. Mun ce bari mu ga inda wasanka zai kai."

Wumbei kaɗai bai yi dariya ba. Yana tsaye a bakin gonarsa, inda kofato ya rushe kunyoyin gefe, doya ta fito fili. Hammadu ya bar shanun da Akugri, ya je ya durƙusa ya gaishe shi da harshen Konkomba, gaisuwa cikakkiya, har da tambayar gida da gajiya. Ashe a ƙuruciyarsa sun yi zama kusa da su. Wannan bakin ne na ɗaure tun daga Yendi. Wumbei ya amsa a taƙaice. Hammadu ya miƙa hannu ya ari fartanya a wurin wani, ya fara mayar da ƙasa.

Ku yafe mini, amma ban taɓa ganin kunya mai muni irin wadda Hammadu ya tara ba. Ta yi kama da inda kaza ta yi wanka. Wumbei ya jure ta farko, ya jure ta biyu, a ta uku ya kasa. Ya fizge fartanyar ya ce da Hausa, "Shanunka bai kashe doyan ba, kai za ka kashe shi! Duba nan." Ya sara, ya juya, ya ɗora. Hammadu ya gwada, Wumbei ya kama masa ƙota yana gyara masa tsayuwa. Kafin a jima samarin gari sun shiga, kunyoyin suka tashi.

Motar kuwa da ta rabu da nauyi, aka cusa duwatsu da itace a ƙarƙashin taya. Akugri ya ɗaga waƙar turi da Kusasanci, ba wanda ya san abin da take cewa, amma kowa ya san inda ake cewa "hai!" Ta fito tana tari. Ta tudun nan nasu muka sake loda shanun, Hammadu yana kira, Wumbei yana tare gefe da sanda kamar ɗan ruga.

Kafin mu tashi aka kawo dafaffiyar doya da yaji. A nan dattijon ya tambayi Hammadu inda za su zauna da garken. Magana ta yi magana, har aka tsaya a kan cewa in an cire amfanin gona ya kawo shanun su kwana a gonakin da suka gaji, su bar musu taki, shi kuma ya sami kiwo da ruwan rafi, amma kafin ya taso ya aiko a nuna masa hanyar bi. Ya kuwa yi hakan rani bayan rani. Daga baya ko taya ce ta fashe wa direban tasharmu a wajen, sai ka ga an fito da benci da ruwa.

Abin da nake so ku ɗauka, ku masu tasowa: hanyar nan tamu ta ratsa Kusasi da Mamprusi da Dagomba da Konkomba da Nanumba da Gwanja, ga mu 'yan zango da Fulani a kowane gari. Kowa akwai abin da ya iya wanda kai ba ka iya ba. Ranar nan da babu fartanya da shanu sun mutu a mota, da babu kira da doya ta ƙare. Ni da nake ganin ni ne mai wayo, abin da na kawo wurin riga ce ta aro. In an ce muku ku yi hankali da wasu mutane, ku yi hankali, amma ku sauka ku yi sallama tukuna.

Da muka kama hanyar Salaga, na ce Hammadu ya shigo gaba ya huta, Akugri ya hau sama. Ina ta zuba, ina maimaita yadda saniyar ta ja birki, ina dariya ni kaɗai. Shi yana kallon hanya. Sai da muka yi nisa ya ce, a hankali, ba da faɗa ba:

"Malam Sani, kai ne ka ji tsoronsu, amma bakina ka ɗaure."

Na sa hannu na canja giya, alhali motar ba ta nemi canji ba.