Furannin da Yaya Falmata ta zana a kan filastata

Assalamu alaikum. Wata biyu ban ce komai a nan ba. Masu tambaya ko an ƙwace mini waya ne, a'a, hannu na karya.

Na taka kujera zan ɗauko littafin soyayyar da na ɓoye a saman kabad, kujerar ta goce, na tare ƙasa da hannun dama. Sai da na ga hannuna ya lanƙwashe sannan na fasa ihu.

Saura sati uku bikin Yaya Falmata. A ƙafarta na koyi zanen lalle, kuma ta yi mini alkawari ni zan yi mata na aure.

Kaka ta ce a kai ni wurin mai ɗori a Mamudo. Baba ya ce sai an ɗauki hoto tukuna. Hoton ya nuna ƙasusuwan hannun biyu duk sun karye.

A asibiti na ga wata yarinya, filastarta ba ta kai gwiwar hannu ba, tana ta wasanta. Ni da ko idon likita ba na iya kalla, na ce, "Don Allah irin nata."

Ya ce, "Karayarta kusa da wuyan hannu take. Taki sai mun haura gwiwa, in ba haka ba ƙashin zai goce. Sati huɗu, sannan mu mayar da gajeriya."

Na juya fuska bango.

Ranar lalle wata mai zane aka ɗauko daga unguwar Dogo Nini. Ina rakuɓe a gefe, hannu rataye a wuya. Kafin a fara mata, Yaya ta fizgi ledar lallen ta ce, "Ke uwar mafarki, miƙo simintin nan." Ta zana mini furanni uku, duk karkatattu. "Daina kuka. Ƙafata tana jiranki."

Bayan kwana biyu aka kai ta Maiduguri.

Ranar canza filasta na roƙi likita kada zarto ya bi ta kan furannin. Ya yi dariya, ya yanka ta gefe. Tana cikin akwatina.

Alhamdulillah, ƙashi ya haɗe. Na gode wa Allah, da Baba, da Umma mai yi mini wanka da leda a hannu.

In yaronku ya karye, a fara ɗaukar hoto. Kada ruwa ya taɓa filasta, kada a sosa ciki da tsinke. In yatsu suka kumbura ko suka yi sanyi, a koma asibiti nan take.

Yaya, kullum ina gwada zane a takarda. Hannun yana rawa har yanzu. Ki dai zo.