Bigoniyar Yaya Delu Ta Fi Ƙarfin Ƙofa

Mu na Allah ne, kuma wurinSa za mu tattara mu koma. Ranar Talata, 15 ga Afrilu, 2025, tsakanin azahar da la'asar, Allah Ya karɓi ran Hajiya Delu Yusufu, ungozoma a wani ƙaramin asibiti a Maiyama, bayan gajeriyar jinya nan Jega. Aka kai ta makwancinta a Maiyama kafin magariba. Ta bar mijinta Malam Magaji, da ɗanta Imrana, da autarta Salma wadda ba ta gama firamare ba. Ni ɗiyar ƙanen mahaifinta ce. Tabarma ɗaya muka zauna a makarantar allo, ita ta fara kama hannuna na rubuta harafi. Yaya nake ce mata, kuma haka zan ce mata a nan.

Yaya Delu, alherinki ba ni zan ƙirga shi ba. Matan ƙauyen Liba sun ƙirga shi ranar zaman makoki. Sun zo a keke, wasu a ƙasa cikin wannan zafin, kusan kowace da yaro a hannu, tana tura shi gaba tana cewa ke kika karɓi haihuwarsa. Wani ɗan acaɓa ya ba maza labarin damina guda da babur ya kafe muku a laka, kika cire takalmi, kika ɗora jakar aiki a ka, kika ƙarasa da ƙafa, saboda mai naƙuda tana jira. Ba mu taɓa jin wannan a bakinki ba. Faɗanki kuwa mun sha ji. In miji ya yi jinkirin kawo matarsa asibiti, ba ki ɗaga masa ƙafa. Sai ki dube shi ki ce, "Da albasarka ce ta fara ruɓewa, ka bari sai gobe?" Su yi dariyar kunya, amma na gaba sai ya kawo tasa da wuri.

Shekarar da na rasa jaririna kwana kaɗan bayan suna, kin baro aikinki kin zo Jega. Ba ki yi mini dogon wa'azi ba, kin san na san ayoyin. Kin dama kunu, kin wanke kayana, kin zauna kusa da ni har zuciyata ta lafa.

Na san wasu za su ce ta'aziyya ba wurin zancen shukar fulawa ba ce. Su yi mini afuwa. Duk wanda ya taɓa shiga ɗakinki ya san ba a ba da labarinki a tsallake ta.

Madam Cecilia, abokiyar aikinki mutumiyar Jos, ita ta bar miki ita lokacin da aka yi mata canjin wurin aiki. Ɗan reshe ne da bai wuce taƙi ɗaya ba, cikin gwangwanin madara, da ganye biyu. Ta ce sunanta bigoniya, cikin ɗaki ake ajiye ta, tana son haske amma ba ta son rana ta taɓa ta. Ta kuma ce da wuya ta jure zafin ƙasarmu, amma in ta jure, wata rana sai ta fi mutum tsawo. Muka yi dariya.

Kika sama mata wuri gefen randa, inda ƙasa ke da sanyi, kusa da taga mai labule. Da bazara kina jiƙa tsohon buhu ki rataya a tagar. Shekarar farko kamar ba ta motsi, har na ce miki ta mutu a tsaye. Daga shekara ta biyu sai ta kama hanya: kowace shekara ta ƙara kamar kamu ɗaya, yawancinsa da damina, da sanyi kuwa ta tsaya cak. Karanta gaɓa-gaɓa kamar gora, ganyenta dogo ya fi tafin hannu, samansa kore da ɗigo-ɗigon fari kamar an yayyafa nono, ƙasansa ja. Daga gwangwani kika mai da ita kasko, daga kasko zuwa tsohuwar tukunyar da kika huda wa gindi. Da ta kai shekara biyar ta wuce kan Malam Magaji, ga rassa sun buɗe ta yadda mutum ɗaya ba ya rungume ta. Kika kafa mata sanduna kina ɗaurewa da yagin zane. Daga nan ta rage sauri, kina datse mata kai don kada ta taɓa silin, inda zafin kwano ke sauka.

Malam Magaji mutumin Aliero ne, albasa ya gada kaka da kakanni. Kullum tsiyarsa gare ki ita ce, "Wagga shuka taki mi taka haihuwa? Ba a miya da ita, ba a kai ta kasuwa." Ke kuma ki ce ai shi ma ba a miya da shi, kuma kin riƙe shi. Kin taɓa gaya mini cewa in kin dawo daga karɓar haihuwar da ba ta zo da rai ba, gefenta kike zama ki goge ganyen ɗaya bayan ɗaya da jiƙaƙƙen tsumma, kina tasbihi, kafin ki iya yi wa kowa magana a gidan.

Ranar da kika rasu, gida ya cika. Aka ce a kwashe kayan ɗakinki a shimfiɗa tabarmi don mata masu zuwa gaisuwa, kamar yadda aka saba. Samari suka ɗauko tukunyar, ƙofa ta ƙi ta. Suka karkata ta, reshe mafi tsawo ya karye a dokin ƙofa. Dangin Malam Magaji da suka zo daga Aliero, Allah Ya saka musu da niyyarsu, tausayinta suka ji. Wata dattijuwa ta ce shekara da shekaru an kulle abu a ɗaki bai ga rana ba, ai zalunci ne. Aka ajiye ta tsakiyar tsakar gida, aka zuba mata takin awaki, duk wadda ta gama alwala ta juye mata sauran ruwan buta. Abin da suke yi wa shukar da suke ƙauna ke nan. Ni ina can ƙuryar ɗaki cikin masu karɓar gaisuwa, ban ga inda aka kai ta ba sai washegari da rana ta take. Ganyen sun nannaɗe, sun yi launin ƙasa. Muka ja ta inuwa, amma an makara.

Reshen da ya karye na tsinto shi bayan ƙofa, na tsoma shi cikin kwalbar ruwa kamar yadda na ga kina yi. Zuciyata ta so in sa shi a jaka in taho da shi Jega, domin in ya zauna gidan makoki ba mai kula shi, kuma in ya mutu shi ke nan, ba wata irinta a duk inda na sani. Amma tare aka karantar da mu, Yaya: abin da mamaci ya bari, ko allura ce, ya zama na magada. Ba ni cikin magadanki.

Bayan addu'ar uku na tsaya bakin zaure na gai da Malam Magaji, na gaya masa. Ya ce, "Haba Aminatu, ɗan reshe? Ɗauki, na ba ki." Imrana ma ya ce ya yafe. Na ce su biyu suna da ikon yafe nasu, amma akwai rabon Salma a ciki, ita kuwa yarinya ce, kyautarta ba ta zauna ba tukuna, kuma ba a yi wa marainiya kyauta da abinta.

"Duk rayuwata dashe nika yi," in ji Malam Magaji. "Amma wagga ban taɓa tambayarta yadda aka yi mata ba. Na ɗauka akwai lokaci. To, ki aje wa Salma. Ajiya na ba ki, ba kyauta ba."

A kan haka na karɓa, gaban shi da Imrana.

Babbar bigoniyar ba ta tashi ba. Madam Cecilia ta kira daga Jos tana kuka, ta ce a sare ta a bar gaɓa biyu a jira. Aka sare, aka jira. Ruwa da taki sun riga sun cinye saiwar, gindin ya yi laushi ya yi baƙi. Malam Magaji ya hana a zubar da tukunyar, tana nan ɗakinki babu komai a ciki.

Reshen kuwa yana nan wurina. Cikin satin nan ya fito da saiwa farare sirara kamar zare. Ban sani ba ko hannuna zai yi masa abin da naki ya yi. Ina tsoro, ina kuma ƙoƙari. Ranar kasuwar Jega Imrana ya kawo Salma a babur ta gan shi. Ta tsuguna ta daɗe tana kallon kwalbar, sannan ta tambaye ni yaushe za ta tafi da shi gida. Na ce ranar da ta ce in ba ta, domin nata ne. Ta ce in bar shi tukuna, ɗakin Inna ba kowa.

Ya Allah, Ka jiƙan baiwarKa Delu. Ka gafarta mata abin da muka sani da wanda ba mu sani ba. Ka yalwata kabarinta, Ka sanyaya shi, Ka sanya kowane jariri da ta tarba da hannunta cikin mizaninta. Ka sada ta da iyayenmu a Aljannar Firdausi.

Ina miƙa ta'aziyyata ga Malam Magaji, da Imrana, da dangi na Maiyama, Aliero da Jega, da abokan aikinta, da matan Liba da suka yi rashin da ba su san wa za su yi wa gaisuwarsa ba. Allah Ya ba mu haƙuri gaba ɗaya. Salma kuwa, Allah Ya raya ta, Ya zama gatanta, Ya ba ni ikon mai da mata ajiyarta da hannuna kafin tawa ta zo.

Aminatu Ɗanlami, Jega