Faɗuwar Baba Ɗanjuma a kan siminti

Ban taɓa mantawa da ranar da Baba Ɗanjuma ya dawo horar da yaranmu ba, kuma duk sa'ad da na tuna sai raina ya ɓaci kamar jiya aka yi. Lokacin ina malamin motsa jiki a wata sakandare a Birnin Gwari, ina mataki na takwas, wato ƙaramin ma'aikacin da ake ba umarni ba a neman shawararsa.

Ga wanda bai san judo ba, kokawa ce ta kama riga a kayar da mutum. Darasin farko a cikinta shi ne iya faɗuwa: ka noƙe kai, ka mari ƙasa da hannu, jiki ya sauka lafiya. Ko gwani ba ya yin haka sai a kan katifar da aka yi don wasan. Baba Ɗanjuma ne ya kawo judo makarantarmu. A Kaduna ya koya lokacin yana aikin masaƙa, har ya sami baƙar ɗamara, wadda ita ce ta ƙwararru. Ni ma shi ya koya mini. Da tsufa ya cim masa sai ya koma gonarsa a Randagi.

Katifunmu kuwa sun tafi ne shekarar da mutanen ƙauyuka suka gudo wa 'yan bindiga suka sauka a ɗakin taronmu. Mata da yara aka shimfiɗa wa, da za su tashi suka tafi da su, kuma babu wanda ya ga laifinsu. Tun daga nan wasan ya kwanta.

A zango na biyu aka sanar da mu cewa wani darakta zai zo daga Kaduna ya duba makarantun da suka cancanci kayan wasanni. In ya ga muna da 'yan wasa, a ba mu katifu. In bai gani ba, an rufe babin judo ke nan. Na hau babur har Randagi na roƙi Baba ya zo ya shirya yara, bai ko ja mini rai ba. Shi da yara suka gyara wuri a gindin mangwaro, suka jibge ɓuntun shinkafa mai kauri, suka rufe da tamfol, yadda ake yi a zamaninsu.

Da safiyar ranar, sai ga Malam Haruna, mataimakin shugaban makaranta mai kula da mulki, yana share gumi.

"Malam Isiyaku, a mayar da yaran nan ɗakin taro. Darakta ba zai zauna a cikin ƙura ba, kuma kafin azahar zai bi ayarin rakiyar jami'an tsaro ya koma."

Na ce, "Ranka ya daɗe, ɗakin taro ai siminti ne."

"To sai me? A shimfiɗa tabarma. Yaran ƙauye ne, daga kan bishiya ma suna faɗowa su tashi."

Mutumin da hawa matakalar ofis ke sa shi haki ne yake faɗa mini ƙarfin ƙashin 'ya'yan mutane! Na ce masa wallahi ba zan sa yaro ya kayar da yaro a kan siminti ba. Ya ce in saurari takardar tuhuma, wato wadda ake ba ma'aikacin da ya ƙi bin umarni. Sai ya juya da kansa ya kira Nura da Bala, manyan 'yan wasanmu. Su kuwa yara ne, sun ji za a yi a gaban babban baƙo, har sun fara ɗaura ɗamara.

Baba ya ɗaga hannu ya ce wa Malam Haruna, "Ɗana, dakata. Yaran nan amana ne. In dai faɗuwa ake son gani, ni zan faɗi."

Na riƙe masa hannun riga na ce, "Baba, don Allah kar ka yi."

Ya ce, "Isiyaku, in an fasa, katifu ba za su zo ba. In yara suka yi, wani a ɗauke za a kai shi gida. Kaf makarantar nan wa ya fi ni iya faɗuwa?"

Haka aka shiga. Baba ya jera yara, ya sa su nuna kamun riga da takun ƙafa da yadda ake raba mutum da ƙasa, amma bai bari an saki kowa ba. Muryarsa na nan yadda na san ta. Da aka zo kan faɗuwa, ya tsaya a tsakiyar tabarma ya dunƙule ya wuntsila, hannunsa ya mari ƙasa, ya miƙe tsaf. Ɗaki ya ɗauki tafi. Na ce alhamdu lillahi, an wuce wurin.

Sai na ji Malam Haruna na cewa, "Baba, a ƙara ɗaya, mai hoto bai ɗauka ba."

Kafin in ratsa yara in isa, tsohon ya sake yi. Wannan karon ƙarar da na ji ba ta tafin hannu ba ce. Ya daɗe kaɗan a ƙasa, sannan ya tashi, ya sallami yara, ya fita a kan ƙafarsa ba tare da ya dafa kowa ba. A bayan ɗakin na same shi zaune a ƙasa, gumi na zuba, ya kasa motsa ƙafar hagu. Abin da ya fara tambayata shi ne, "Baƙon ya gamsu?"

Ƙashin ƙugu ne ya tsage. Muka kai shi asibiti, daga baya aka koma wurin mai ɗori, amma ƙashin tsoho ba ya haɗuwa kamar na yaro. Washegari na shiga ofishin Malam Haruna ko sallama ban yi ba. Wai yana murmushi yana ce mini taro ya yi kyau, tsautsayi ne kawai, kuma ai ba wanda ya tilasta wa Baba. Abin da na faɗa masa ba zai maimaitu a nan ba, masinja ne ya janye ni. Takardar tuhuma ta zo, na amsa, aka yi mini canjin wurin aiki zuwa ƙauye, kuma ban yi nadamar ko kalma ɗaya ba.

Katifun sun iso daga baya, yara suna ta wasa a kansu. Baba Ɗanjuma kuwa yana Randagi da sanda biyu, ko gonarsa ba ya iya zuwa.

Abin da na koya shi ne, a aikinmu mai ba da umarni daban, mai faɗuwa daban, kuma na kirki ne ke fara kai jikinsa ƙasa. Don haka ku da kuke tasowa, duk ranar da wani babba ya ce ku kayar da ɗan mutane a kan siminti, kar ku tsaya dogon bayani. Ku miƙa masa rigar wasa, ku ce ranka ya daɗe, bismillah, fara.